Mararrabar Hanya a Harshen Umarni: Yadda Na'ura Ke Zaɓen Aiki Bisa Ga Fasalin Rubutu



GABATARWA

A kowace ma'aikata akwai ofishin rajista, a cikinsa kuwa akwai akawu wanda aikinsa shi ne karɓar wasiƙu da rarraba su. Ba ya karanta wasiƙa daga farko har ƙarshe. Lambar da ke bisa kanta yake dubawa: in ta fara da haruffa kaza ya kai ta sashen kuɗi, in ta ƙare da kaza ya kai ta sashen ma'aikata. Kamannin lambar su ne ke yanke inda takarda za ta kwana. Irin wannan aiki shi ne batun wannan lacca, sai dai akawun da ake nufi a nan na'ura ce mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta.

Akwai bambanci guda tsakanin akawu ɗan Adam da na'ura, shi ne kuwa tushen dukan maganar. Akawu in ya ci karo da wasiƙar da bai taɓa ganin irin lambarta ba, sai ya tashi ya tambayi na gaba da shi. Na'ura ba ta tambaya. Abin da aka rubuta mata shi take bi, bisa jerin da aka rubuta shi, abin da aka manta kuwa sai ta wuce shi ba tare da ta ce uffan ba. Saboda haka hikimar da ake gani kamar ta na'ura ce, ta wanda ya jera mata sharuɗɗa ce, haka nan kuma wautar.

Kafin a ci gaba ya kamata a fayyace kalmomi uku. Harshen umarni shi ne harshen da ake rubuta wa na'ura ayyukan yau da kullum da shi, kamar kwafar fayil, da share tsofaffin takardu, da tayar da wani aiki da tsakar dare sa'ad da ba kowa a ofis. Na'ura tana karanta shi tana aikatawa nan take. In aka tara umarni da yawa a fayil guda, an sami takardar umarni ke nan. Fasali kuwa shi ne bayanin kamannin rubutu ba tare da an faɗi rubutun kansa ba, kamar a ce "duk sunan da ya fara da harafin A", wanda ya haɗa Audu da Amina da Aliyu a lokaci guda.

ASALIN AL'AMARIN

Dabaru biyu ne suka haɗu suka haifi abin da ake magana a kai. Ta farko ita ce rarraba hanya gida-gida. Harsunan na'ura na farko sun san sharaɗi mai fuska biyu ko uku, in kaza ne a yi kaza, in ba haka ba a yi wancan, amma in zaɓi ya kai goma sai sharuɗɗa su hau kan juna har mai karatu ya rikice. Wani masani ɗan Ingila, C. A. R. Hoare, ya ba da shawarar a yi jumla guda mai rassa da yawa, aka sa ta cikin harshen Algol W wanda shi da Niklaus Wirth na ƙasar Suwizalan suka bayyana a 1966, daga baya kuma ta shiga harshen Pascal a 1970. Sai dai waɗannan jumloli da lamba ko wata ƙayyadaddiyar ƙima suke zaɓen reshe, ba su san fasali ba.

Dabara ta biyu ita ce gwada rubutu da fasali. Tushenta a ilmin lissafi yake, cikin aikin Stephen Kleene na Amurka wanda ya rubuta a 1951 aka buga a 1956. Ken Thompson, ma'aikaci a ɗakunan bincike na kamfanin Bell da ke Jihar New Jersey, shi ya nuna a 1968 yadda na'ura za ta yi wannan gwaji cikin sauri. A nan ne kuma shi da Dennis Ritchie da abokan aikinsu suka fara gina Unix a 1969, watau babban tsarin da ke gudanar da na'ura. Tun fitowarsa ta farko a 1971 Unix yana da wani ɗan fasali mai sauƙi na kiran sunayen fayil da yawa da alama guda, amma harshen umarninsa na lokacin ba shi da jumla mai rassa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka haɗa su a harshen umarni na Unix shi ne Stephen Bourne, shi ma ɗan Ingila, wanda ya yi aiki a kan harshen Algol 68 a Jami'ar Cambridge kafin ya koma kamfanin Bell. Harshensa, wanda ake kira `sh`, ya fito tare da Unix na bakwai a 1979. Daga Algol 68 ya aro al'adar rufe jumla da kalmar buɗe ta a juye, shi ya sa `if` ke ƙarewa da `fi`, `case` kuma ke ƙarewa da `esac`. A 1992 ƙa'idar POSIX ta tabbatar da wannan jumla ta `case`, saboda haka takardar umarnin da aka rubuta bisa ƙa'ida tana aiki a Linux da macOS da sauran dangin Unix.

YADDA JUMLAR KE AIKI

Ga misali. A ce an ajiye sunan wani fayil a cikin ma'aji mai suna `suna`, ana so na'ura ta faɗi irinsa:

```
case "$suna" in
  *.txt)        echo "takarda ce" ;;
  *.jpg|*.png)  echo "hoto ne" ;;
  *)            echo "ba a san irinsa ba" ;;
esac
```

Layin farko yana cewa a ɗauko abin da ke cikin ma'ajin a gwada. Kowane layi na bayansa reshe ne: fasali a hagu, sa'an nan baka, sa'an nan aikin da za a yi, sa'an nan waƙafi mai ruwa guda biyu waɗanda ke nuna ƙarshen reshe. Kalmar `echo` umarni ce na a rubuta magana a fuskar na'ura.

Alamomin fasali ba su da yawa. Tauraro, `*`, yana tsayawa a madadin kowane irin rubutu, dogo ko gajere, har ma da rashin rubutu baki ɗaya. Alamar tambaya, `?`, tana tsayawa a madadin harafi guda tak. Baka mai kusurwa tana ba da zaɓi tsakanin haruffa, ta yadda `[0-9]` ke nufin kowace lamba guda daga sifiri zuwa tara. Sanda a tsaye, `|`, tana nufin "ko". Har wa yau, tilas fasali ya rufe rubutun daga farkonsa har ƙarshensa: fasalin `Kano` bai dace da "Jihar Kano" ba, sai an rubuta `*Kano`.

Akwai tarko ga ɗalibin da ya fara koyon fasalin Kleene da Thompson, irin wanda ake amfani da shi a umarnin bincike na `grep`. A can tauraro yana nufin maimaita harafin da ya gabace shi, ɗigo kuma yana nufin kowane harafi. A cikin `case` ɗigo ɗigo ne kawai. Alamomin iri ɗaya ne a ido, ma'anarsu dabam, kama da wane kuwa ba wane ba ne.

Wannan 'yar jumla ta ɗauki kaya masu nauyi. A Unix System V, wanda ya fito a 1983, da kuma Linux na shekaru da dama, ayyukan da ke tashi sa'ad da aka kunna na'ura kowannensu yana da takardar umarni, kuma galibi zuciyar takardar jumlar `case` ce mai reshen tayarwa, da reshen tsayarwa, da reshen ƙarshe mai koya wa wanda ya yi kuskure yadda ake kiranta. Daga 2011 manyan rassan Linux suka fara komawa ga wani tsari dabam mai suna systemd, amma jumlar tana nan cikin takardun da ake girka manhaja da su da waɗanda ke kwafar ajiya da dare.

DARASI NA FARKO: JERI SHI NE HUKUNCI

Na'ura tana gwada rassa daga sama zuwa ƙasa. Reshen farko da ya dace shi ya ci, ta aikata abin da ke cikinsa ta fita, ba ta ko waiwayar sauran. Ba ta neman wanda ya fi dacewa, wanda ya riga take bi.

A koma ga ofishin rajista. A ce wata ma'aikata tana sa kalmar KUDI cikin lambar duk takardar da ta shafi kuɗi, tana kuma fara lambar duk takardar asiri da kalmar ASIRI. Wani ya rubuta:

```
case "$lamba" in
  *KUDI*)  echo "a kai babban teburin kuɗi" ;;
  ASIRI*)  echo "a kai wa Babban Sakatare" ;;
esac
```

Kowane reshe daidai yake in an dube shi shi kaɗai. Za a iya gwada takardar da lambobi ɗari ba a ga aibi ba. Amma ranar da takarda mai lamba ASIRI-KUDI-12 ta iso, reshen farko zai kama ta, ta tafi teburin da kowane akawu ke iya buɗewa. Na'ura ba ta yi kuskure ba, ba kuwa za ta yi gargaɗi ba. Gyaran bai wuce a ɗaga reshe na biyu a mai da shi sama ba. Ashe ke nan tambayar ko asiri ya fi kuɗi nauyi, wadda tambaya ce ta mulkin ofis, an amsa ta ne da wurin da aka ajiye layi, kuma mai yiwuwa wanda ya ajiye shi bai san ya amsa wata tambaya ba.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce a sa fasali mai ƙunci a sama, mai faɗi a ƙasa, kamar yadda mai tankaɗe ke sanin rariyar da za ta fara sawa. In kuwa fasali biyu suka yi tarayya a wani rubutu ba tare da ɗaya ya haɗiye ɗaya ba, kamar a misalin nan, tilas a zauna a yanke wanda ke gaba da gangan, a kuma rubuta dalilin a gefen layin domin wanda zai gaji aikin.

Ba kowane harshe ke bin wannan hanya ba. Harshen awk, wanda Alfred Aho da Peter Weinberger da Brian Kernighan suka ƙirƙira a 1977, yana gwada kowane layin rubutu da dukan fasalolin da aka ba shi, ya aikata aikin duk wanda ya dace. A hannun awk takardar nan za ta je wuri biyu. A harshen C kuwa, in an manta ba a rufe reshe ba, aiki yana zarcewa cikin reshen da ke ƙasa. Shi kansa `bash`, wanda Brian Fox ya fitar a 1989 ya zama magajin `sh` a Linux, ya ƙara alamar `;;&` a fitowarsa ta huɗu a 2009, domin wanda ke so a ci gaba da gwada sauran rassa bayan an sami na farko. Saboda haka wanda ya sauya harshe, farkon abin da zai tambaya shi ne: in fasali biyu suka dace, me ke faruwa?

DARASI NA BIYU: RESHEN ƘARSHE

Misalin rajista yana da wani aibi wanda ya fi na farko ɓuya. In lambar da ta zo ba ta dace da ko ɗaya daga rassan ba, jumlar ba ta yin kome. Abin da ya fi wannan muni shi ne, bisa ƙa'idar POSIX, jumlar da ba ta sami fasalin da ya dace ba tana ba da rahoton cewa ta gama lafiya. Takarda ta ɓace, littafin aiki kuwa ya nuna ba matsala. Maganin shi ne reshen tauraro shi kaɗai, `*)`, a ƙarshen jeri. Shi ne madadin akawun da ke tashi ya je ya yi tambaya, muddin an sa masa aikin da ya dace: ya rubuta abin da ya gani, ya sanar da mutum, ya tsaya.

Abin da aka sa a wannan reshe shi ke nuna hankalin marubuci. A ce takardar umarni tana tambaya kafin ta share fayil, `share_fayil` kuwa sunan aikin sharewar ne. Wani zai rubuta:

```
case "$amsa" in
  "a'a")  exit ;;
  *)      share_fayil ;;
esac
```

A nan duk amsar da ba "a'a" ba ce daidai, harafi da harafi, izini ce. Wanda ya rubuta "A'a" da babban baƙi ya ba da izini. Wanda hannunsa ya zame ya danna maɓalli bai rubuta kome ba, shi ma ya ba da izini, tun da tauraro yana kama rashin rubutu. Daidai shi ne a juya: a ba reshen sharewa fasali mai ƙunci, irin `e|E|i|I`, a bar wa tauraro fita ba tare da an taɓa kome ba. Aikin da ba ya gyaruwa ba a ɗora shi a kan fasali mai faɗi.

Rashin rubutu ba ƙaramin abu ba ne. A watan Janairu na 2015 aka gano wani aibi a takardar umarnin da ke tayar da Steam, dandalin wasannin kwamfuta na kamfanin Valve, a kan Linux. Akwai layin da ke cewa a share duk abin da ke ƙarƙashin ɗakin ajiyar da sunansa ke cikin wani ma'aji. In aka kawar da ɗakin daga inda aka san shi, ma'ajin yana iya fitowa fanko, umarnin kuwa ya koma "a share kome daga tushe". Wanda ya fara kai ƙara ya rasa fayilolinsa, har da na ma'ajin waje da ke jone da na'urarsa. Reshe guda mai fasalin `""`, watau fanko, wanda zai tsayar da aiki kafin a kai ga layin sharewa, da ya isa ya hana wannan hasara. Rigakafi dai ya fi magani.

DARASI NA UKU: BAƘAƘE MASU ƘUGIYA

Darasi na uku ya shafi duk ofishin da ke ajiye sunayen mutane da garuruwa da Hausa. An gina harshen Bourne a kan jerin haruffa na ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, mai gurbi 128. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ a cikinsa. Sun sami gurbi a babban jeri na Unicode wanda ya fara fitowa a 1991, kuma a 1992 Ken Thompson ɗin nan da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da akasari ake ajiye su da ita. A wannan hanya harafin k yana cin ma'auni guda na ajiya, wanda ake kira bayit, amma ƙ yana cin biyu.

Abin da ke biyo baya a fili yake. Fasalin `K*` zai kama Kano da Katsina, ya bar Ƙanƙara da Ƙaura Namoda, domin a wurin na'ura K da Ƙ ba su da dangantaka. Fasalin `[a-z]`, in na'ura tana bin jerin ASCII, bai ɗauki ɗ a matsayin harafi ba. Fasalin `?asa` zai kama "kasa" da "masa", amma a na'urar da aka saita ta ƙirga bayit maimakon harafi ba zai kama "ƙasa" ba, alhali a wata na'urar ta kusa da ita zai kama. Takarda ɗaya, hukunci biyu.

Bayan haka, ma'aikata ba su rubuta suna iri ɗaya. Wani ya sa ƙugiya, wani ya bar ta saboda maɓallansa ba su da ita. A Nijeriya ana rubuta 'y, a Nijar ana rubuta ƴ. Ita kanta alamar hamza da ke cikin "a'a" da "'ya'ya" tana da aiki na dabam a harshen `sh`, inda take buɗe zance, shi ya sa a misalin da ya gabata aka killace "a'a" cikin alamun zance. In ba haka ba jumlar za ta lalace. Mai rubuta wa irin wannan ofis umarni tilas ya ambaci kowace fuska da sunanta, kamar `K*|Ƙ*`, ya tabbatar da saitin haruffa a farkon takardarsa, ya kuma gwada ta da sunaye na gaskiya daga rajista. In bai yi ba, mutanen da sunayensu ke da ƙugiya su ne za su riƙa faɗawa reshen ƙarshe, in kuwa babu reshen ƙarshe su ɓace daga lissafi ba wanda ya sani.

KAMMALAWA

Dabarar ba ta tsaya inda Bourne ya bar ta ba. A watan Oktoba na 2021 harshen Python, a fitowarsa ta 3.10, ya sami jumla mai suna `match` wadda ke gwada fasalin jeri da na teburin bayanai, ba rubutu kaɗai ba. Ita ma reshen farko da ya dace take bi, ita ma in ba wanda ya dace sai ta wuce shiru. An dai ƙara kariya guda: in aka sa reshen da ke kama kome a sama da wasu rassa, Python yana ƙin karɓar takardar. Ga masu rubuta `sh` kuma akwai manhajar dubawa mai suna ShellCheck, wadda ke gargaɗi in wani fasali ya rufe na ƙasa da shi. Waɗannan suna kama kuskuren da ke bayyane. Ba su san ko asiri ya fi kuɗi nauyi ba, ba su kuma san cewa Ƙanƙara gari ne ba.

Saboda haka ɗalibin da zai rubuta irin wannan jumla, da ma'aikacin da za a kawo wa tsarin na'ura ya sa hannu ya karɓa ko da bai iya rubuta layi guda ba, tambayoyi uku ne a gabansu. In takarda ta dace da gida biyu, ina za ta, kuma wa ya yanke haka? In ba ta dace da ko ɗaya ba, wa za a sanar? An kuwa gwada tsarin da sunayen mutanen da zai yi wa aiki, yadda suke rubuta su? Wanda ya kawo tsarin, in ya kasa amsa waɗannan, aikinsa bai ƙare ba tukuna, kuma bai kamata a sa masa hannu ba.